Wa Ke Karɓar Tallafin Noma? Amsa Ga Ɗan Manomi Daga Soba

Wani matashi, malamin firamare a Zariya, ya aiko da tambaya. Ya ce mahaifinsa ya fi shekara talatin yana noman masara da dawa a ƙaramar hukumar Soba. Kowace damina sai su ji a rediyo an ƙaddamar da rabon taki, tirela ɗari kaza, naira biliyan kaza, amma tsohon bai taɓa samun nasa ba, in ban da shekara guda da aka haɗa su su huɗu a buhu ɗaya suka raba da kwano. Yana son ya sani, shin da gaske ake fitar da kayan nan, in kuma da gaske ne, wa ke karɓa?

Ɗana, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara wa mahaifinka lafiya. Na yi aikin malamin gona shekara talatin da ɗoriya a jihar nan ta Kaduna. Na zauna a ƙasar Lere, na zauna a Giwa, na ɗan taɓa Kachia, kuma sau da yawa ni ne mai riƙe da biro da rajista a ƙofar sito ranar rabo. Abin da zan gaya maka ba a rediyo na ji shi ba.

Ana fitar da kayan. Ba kullum suke cika yadda aka faɗa ba, ba kuma kan lokaci suke zuwa ba, amma galibin tirelolin da kake ji ana ambato suna isowa, na sha ƙirga buhunansu da hannuna. Matsalar tana tsakanin ƙofar sito da bakin gona, inda rijiya ke ba da ruwa guga ya hana.

Mu fara da sanin mene ne tallafin. A ƙasar nan da wuya ka ga gwamnati ta tura wa manomi kuɗi cikin asusunsa ta ce ga naka. Abin da aka saba yi shi ne a sayar masa da taki ko iri ko maganin feshi ƙasa da farashin kasuwa, ko a ba shi bashi mai ƙaramin kuɗin ruwa, ko kuma jefi-jefi a ba shi buhu biyu kyauta. To ka lura da abu guda. A ce buhun kamfa, wato takin NPK, yana naira 40,000 a kasuwar Saminaka, gwamnati ta ce nata 20,000 ne. 'Yar takardar da ke ba mutum izinin ɗaukar buhu ɗaya daga sito ta zama tamkar tsabar kuɗi naira 20,000. Wanda aka rubuta wa buhu 600, wato tirela guda, an miƙa masa naira miliyan 12 ke nan, ko da bai taɓa riƙe fartanya ba. Ba ya buƙatar gona, ba ya ma buƙatar ya ga takin da idonsa. Ya sayar wa ɗan kasuwa takardar tun a ofis, magana ta ƙare. Duk kokawar da kake gani ana yi a kan taki, a kan wannan takardar ake yin ta, wadda mu ma'aikata muke kira alokeshan.

Sai lissafi, wanda masu jawabi a dandali ba sa tsayawa su yi. Tirela ɗaya tana ɗaukar buhu 600 mai nauyin kilo 50. A 2024 gwamnatin jihar Kaduna ta sanar da raba taki tirela 500, kuma a gaskiya rabo ne babba in an kwatanta da na shekarun baya. Tirela 500 buhu 300,000 ke nan. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 255. In aka raba daidai wa daida, kowace mazaɓa za ta tashi da buhu kusan 1,180, in kuma bibbiyu za a bayar, mutum bai kai 600 ba a mazaɓa. Yanzu zauna ka ƙirga magidantan da ke noma a mazaɓarku, ƙauye-ƙauye, unguwa-unguwa, ka haɗa da samari masu gayauna da matan da mazansu suka rasu suka bar musu gona. Ta fuskar ƙasa kuma, shawarar da masanan cibiyar binciken noma ta Samaru suka daɗe suna bayarwa ga masara a yankinmu ita ce wajen buhu takwas na kamfa 15-15-15 da biyu zuwa uku na yuriya a hekta guda. Ka ce buhu goma. Buhu 300,000 hekta 30,000 kacal za su ciyar, a jihar da ke sahun gaba wajen noman masara a Najeriya. Ko waliyyai aka sa su yi rabon, yawancin manoma hannu rabbana za su koma gida.

Da zarar abu ya yi kaɗan masu nema sun yi yawa, dole wani ya zaɓa. Ainihin tambayarka ke nan, wa ke zaɓar?

Yadda na san ana yi a yawancin shekarun aikina, kaso yana saukowa daga jiha zuwa ƙaramar hukuma, daga nan zuwa mazaɓa. Amma kafin ya sauko an riga an yanki na sama: kason 'yan majalisa, kason manyan jam'iyya, kason sarakuna, kason ƙungiyoyin addini da na sana'a, kason manyan manoma. Ba na cewa duka sata ne. A takarda an rubuta cewa za su raba wa jama'arsu, kuma akwai masu rabawa tsakani da Allah. Na san wani hakimi, Allah ya jiƙansa, da ya sa aka sauke nasa a ƙofar fada, ya kira masu unguwanni aka raba a idon kowa, bai bar ko buhu ɗaya ya shiga cikin gida ba. Na kuma san waɗanda nasu kason bai taɓa taka ƙasar garin ba. Abin da ya rage ya iso mazaɓa sai ya faɗa hannun kwamiti: kansila, shugaban jam'iyya na mazaɓa, wakilin dagaci, shugaban ƙungiyar manoma, da malamin gona a matsayin magatakarda. Kowanne daga cikinsu yana da mutanen da ke zuwa gaishe shi da safe. Kansila yana tuna wanda ya tsaya masa a akwati, shugaban ƙungiya yana tuna masu biyan kuɗin wata, wakilin dagaci yana tuna 'yan zaman fada. In mahaifinka irin dattawan nan ne da daga gona sai masallaci, ba ya zuwa taron jam'iyya, ba ya cikin ƙungiya, to babu wanda ya ƙi shi. Ba a dai samu wanda ya tuna da shi ba a daren da ake rubuta suna.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Akwai shekarar da na sa sunan surukina, alhali tireda gare shi, gonarsa ma ya ba da ita haya. Buhu biyu ne. Da na ga an ɗaure su a bayan babur an nufi kasuwa sai na kawar da kai. A ranar akwai wani tsoho da ya zo da jakinsa tun asuba, ya wuni a rana, ya koma da mangala wayam. Har yau in na tuna shi raina yakan sosu.

Ko sunan mutum ya fito, da sauran rina a kaba. Takin rangwame ba kyauta ba ne, sai ka biya naka ɓangaren, nan take, ko cikin kwana biyu zuwa uku. Yaushe kuma ake rabon? Yuni ko Yuli, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, kuɗin huɗa da na 'yan ƙwadago sun lashe ɗan abin da aka tanada, ga zazzaɓin damina ya fara kwantar da yara. Bari in kwatanta maka yadda ranar take. Layi ya miƙe daga ƙofar sito har bakin titi. Can gefe ƙarƙashin dalbejiya ga wata a-kori-kura a fake, ga wani alhaji ɗan kasuwa zaune kan benci da baƙar leda cike da kuɗi tsakanin ƙafafunsa, yaransa biyu suna bin layi suna raɗa wa mutane magana. Manomi yana riƙe da takardar buhu biyu, aljihunsa ba ko sisi. Yaron alhaji ya ƙirgo masa kuɗin, ya shiga ya dangwala yatsa a rajistata, ya fito da buhunan, ya sauke su a bayan motar. A ba shi ɗan abin da aka yi ciniki, ya biya kasuwa ya auni tiyar hatsi ya kai wa iyali. A rajista an rubuta manomi ya karɓa, kuma ba ƙarya aka rubuta ba. Kafin la'asar motar ta yi sawu uku. Ranar kasuwa mai zuwa sai ka ga buhunan nan da tambarin gwamnati a jikinsu jere a rumfa, wani lokaci ma shi wannan manomin ne zai dawo ya auni kwano biyar a ciki da tsada, ko ya karɓa bashi a kan zai biya da masara in kaka ta yi.

Ban taɓa iya ganin laifin irin wannan manomi ba. Mai yunwa a Yuli ba ya jiran Oktoba. Amma ka ga yadda tallafin ya rabu: shi ya samu ɗan tsiyaye, alhaji ya kwashe tsoka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ga kuma maganar lokaci, wadda mutanen ofis suke rainawa. Masara ba ta jiran kwamiti. Kamfa ana so a sa shi lokacin shuka ko cikin mako biyu da tsirowa, yuriya kuma tsakanin mako huɗu zuwa shida. Wanda ya yi shuka a farkon Yuni, takin da ya iso masa a Agusta ihu ne bayan hari. Jinkirin yakan fito ne daga sakin kuɗin kasafi da ba da kwangila da jiran ranar da manya za su samu sukunin zuwa bikin ƙaddamarwa. Sai dai takin da ya makara ba asara ba ne ga kowa. Mai hali zai saye shi da arha daga hannun waɗanda ba su da abin yi da shi, ya jibge a sito, ya fito da shi lokacin noman rani ko baɗi. Saboda haka jinkiri kaɗai, ko ba a saci buhu ɗaya ba, ya isa ya karkatar da tallafi zuwa ga mai wurin ajiya da jarin jira.

Ba yau aka fara ba. Tun 1976, zamanin shirin ciyar da ƙasa na Obasanjo, gwamnatin tarayya ta karɓi sayo taki da rarraba shi a hannunta, a shekarun da suka biyo baya har takan ɗauke fiye da kashi 75 cikin 100 na kuɗinsa. Dattawa sa'o'in mahaifinka suna tuna arhar takin wancan lokaci, da kuma aikin gona na Funtuwa da Bankin Duniya ya tallafa daga 1975, lokacin muna jiha ɗaya da Katsina. Kuma a ba kowa haƙƙinsa, wannan takin da sabon iri su ne suka baza masara a ƙasar Zazzau. Kafin nan dawa da gero ne abinci, masara ta bayan gida ce, a gasa wa yara. Amma ko a lokacin tireloli suna ɓacewa a hanya su ɓulla a Nijar da Kamaru. An janye tallafin a 1997, aka dawo da shi a 1999 a kan kashi 25, jihohi suna ɗora nasu a kai.

Gyara mafi girma da na gani da idona shi ne na 2012, zamanin Jonathan, lokacin Akinwumi Adesina yana ministan gona. Shi da bakinsa ya ce kashi 11 cikin 100 na manoma ne kawai ke samun takin gwamnati a tsohon tsari. Shirin da ya kawo, mai suna GES, ya zare hannun gwamnati daga saye da rabo. A yi wa manomi rajista, a turo masa saƙo a waya, ya je wurin dillalin da aka amince da shi ya biya rabin kuɗin buhu biyu, tarayya da jiha su cika sauran. Na yi aikin rajistar nan, kuma a shekarun na ga talakawan da ba su taɓa taɓa takin gwamnati ba sun karɓa, har da mata. Sai dai shi ma da tasa rariyar. Wanda ba shi da waya ya zube, haka wanda ya ba da lambar ɗansa da ke acaɓa a Legas, da wanda ƙauyensu sai an hau suri ake samun sabis, da wanda bai yi boko ba ya goge saƙon yana zaton tallar kamfanin waya ce. Alhajin ƙarƙashin dalbejiya kuwa bai je ko'ina ba, ya koma sayen saƙo maimakon takarda. Daga baya gwamnati ta tara bashin biliyoyin naira na dillalai, shirin ya yi sanyi bayan canjin gwamnati a 2015.

Wanda ya fi su duka cin kuɗi shi ne Anchor Borrowers na Babban Bankin Najeriya, wanda Buhari ya ƙaddamar a Birnin Kebbi a watan Nuwamba 2015. Wannan bashi ne, kuɗin ruwansa kashi 9, a lokacin da ƙaramin mai nema ba zai samu a bankin kasuwanci ƙasa da kashi 20 ba. Galibi a kaya ake bayarwa, taki, iri, magani, injin ban ruwa, ta hannun ƙungiyoyi irin su RIFAN ta masu shinkafa da MAAN ta masu masara, a biya da amfanin gona in an girbe. An fitar da fiye da naira tiriliyan ɗaya. Dalar masarar da aka jera a nan Kaduna a 2022 daga wannan shiri ta fito. A 2023 Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 kacal aka biya, Babban Banki ya musanta, ya ce kashi 52 ne na abin da wa'adinsa ya cika. Ko wanne ka ɗauka, kusan rabi ko fiye bai dawo ba a lokacin. Bashin da ba a biya ba kuwa ya koma kyauta, don haka in kana neman wanda ya fi kowa cin tallafin noma a waɗancan shekarun, ka nemi wanda ya karɓi bashi mai yawa ya yi gum.

A cikin waɗanda ba su biya ba akwai bayin Allah da ambaliya ta cinye musu gona, akwai waɗanda tsutsar masara ta gama da su, akwai mutanen Birnin Gwari da sassan Giwa da Chikun da 'yan bindiga suka raba da gonakinsu suna ji suna gani. Akwai waɗanda aka kawo wa iri bayan an gama shuka, aka kuma rubuta musu kuɗin kaya sama da na kasuwa. Sannan akwai waɗanda tun farko suka ɗauke shi romon dimokuraɗiyya, suka ce rabonsu ne na arzikin ƙasa. Sai kuma manoman biro, 'yan birni masu BVN da asusun banki da ɗan uwa a ƙungiya, waɗanda ranar da za a zo auna gona za su biya wani ɗan ƙauye ya nuna tasa a ce tasu ce. Na ga gona guda da aka auna wa mutum uku. Injinan ban ruwa kuwa sababbi fil a kwalinsu sun cika kasuwa a rabin kuɗi. A ƙarshen 2023 sabon shugabancin Babban Banki ya ce zai janye daga irin wannan rabon bashi kai tsaye.

Akwai kuma tallafin da ba a yi masa layi. Daga ƙarshen 2016 an ƙulla yarjejeniya da Maroko, ana kawo sinadarin fosfet a haɗa taki a masana'antun cikin gida, aka tsayar da buhun NPK 20-10-10 a naira 5,500 a wancan lokaci. A ganina wannan ya fi kusa da talaka, tunda a shago ake saye, ba suna ba takarda. Amma rangwamen da ke kan kowane buhu yana bin yawan buhunan da ka saya. Mai hekta 100 da ya sayi buhu 1,000 ya ci tallafi ninki 500 na wanda ya sayi biyu, kuma bai karya doka ba. Haka taraktocin rangwame, haka manyan basussukan banki da ke neman takardar shaidar mallakar fili, wadda gonar gado ko ta aro ko ta jingina ba ta da ita. Kuma gwamnati takan bayar da dama ta karɓe da hagu. A watan Yuli 2024 an sanar da ɗage harajin shigo da masara, shinkafa, alkama da wake na kwana 150 don mai saye ya ji sauƙi. A 2025 farashin masara ya faɗi warwas yayin da na taki ke ta hawa, manoma da dama suka ɗora alhakin a kan shigo da hatsin. Abin da mai gona ya yi asara a kan kowane buhun masara ya shanye ribar buhu biyun taki har ya wuce.

Kada ka ɗauka mu kaɗai ne. A Tarayyar Turai, inda ake biyan manomi kuɗi kai tsaye gwargwadon faɗin gonarsa, an daɗe da sanin cewa wajen kashi 80 na kuɗin yana tafiya ga kashi 20 na masu karɓa. A Amurka, wadda ta fara irin wannan tallafi tun 1933, mafi yawansa yana bin masara, waken suya, alkama, auduga da shinkafa, manyan gonaki ne kuma ke kwashe kaso mafi tsoka. Indiya tana tura wa manomi rufi 6,000, kuɗin ƙasarsu, a shekara cikin asusunsa tun 2019, amma sai mai fili da sunansa, ɗan haya yana kallo. Abin da na ga sun fi mu da shi guda ne: a Turai da Amurka kana iya buɗe intanet ka ga sunan wanda ya karɓa da nawa ya karɓa. Mu namu sunayen suna cikin fayil a durowa. Da za a tambaye ni gyara ɗaya wanda ba ya cin ko kwabo, sai in ce a manna sunayen kowace mazaɓa a ƙofar gidan dagaci da bangon masallacin Juma'a da na coci, mako guda kafin rabo. Mutanen ƙauye sun san wanda ke da gona da wanda ba shi da ita fiye da kowace kwamfuta. Da an yi haka a waccan shekarar, da ban iya sa sunan surukina ba.

To me za ku yi? Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsare-tsaren yanzu kusan duka da lamba suke aiki, don haka mahaifinka ya mallaki NIN da BVN da asusun banki, kuma layin wayar da ke hannunsa ya kasance da sunansa aka yi masa rajista, sunan kuma ya zo iri ɗaya a ko'ina. Na ga mutanen da suka rasa rabo saboda a nan Muhammadu, a can Mamman. Ya shiga ƙungiyar manoma mai rajista, in kuma babu ta kirki a garinku, ku haɗa taku, mutum goma zuwa ashirin masu gona da gaske, ku yi mata rajista a ofishin ƙungiyoyin gama kai. Mutum ɗaya ana mantawa da shi, amma ƙungiya mai takarda da hatimi da shugaba mai naci tana da wuyar tsallakewa. Kai da ka yi boko ka zama magatakardansu, ka kuma sa sunayen iyayenku mata masu gona, don su ne aka fi bari a baya. Ku je sashen noma na ƙaramar hukuma tun a Maris ko Afrilu, ku san malamin gonar da ke kula da yankinku, ku tambayi ko akwai rajistar da ake yi. Malaman gona sun yi ƙaranci ƙwarai yanzu, in kun zauna jiran ya zo ƙauyenku za ku daɗe. Ku ware kuɗin biyan naku ɓangaren tun kafin damina, ko da adashi ne, don kada takardar Baba ta ƙare a ƙarƙashin dalbejiya. Duk wanda ya turo maka fom a WhatsApp ko Facebook ya ce a biya kuɗi ko a ba da lambar sirri ta banki, ɗan damfara ne. In bashi aka kawo muku, ku nemi a rubuta muku kuɗin kowane kaya kafin a sa hannu, ku kwatanta da na kasuwa, ku tambayi ko akwai inshora in ambaliya ta zo, ku kuma sani bashi ne, za a biyo ku.

Bayan duk wannan ma mai yiwuwa ba za ku samu ba, ka ga lissafin da muka yi. Saboda haka kada Baba ya tsara gonarsa a kan takin gwamnati. Ku sayi abin da za ku iya da rani kafin farashi ya tashi, tunda kai albashi gare ka, buhu ɗaya a wata daga Janairu ya wadatar. A kai takin turke da kashin kaji gona da rani, in akwai Fulanin da kuka saba da su a yi yarjejeniya su kwantar da shanu. Inda aka yi masara bana a sa waken suya ko gyaɗa baɗi. Takin zamanin da ya samu a binne shi kusa da gindin shuka a rufe da ƙasa, kada a watsa, yuriyar da aka bari a fili rana da iska suna kwashe mata ƙarfi. In buhu huɗu ne a hannu, gara a zuba su a rabin hekta a sa dawa a sauran, da a yayyafa wa gona duka ta fito rawaya.

In ka je gida wannan Juma'ar, fara da karɓar wayar Baba ka bincika da sunan wa aka yi wa layin rajista, sau da yawa za ka tarar na wani jika ne ko na mai shagon caji. Ka gaishe min da shi da kyau.